Yadda Ake Shirya Doguwar Tafiya da Jakar Goyo Tsakanin Tsibirai da Garuruwan Bakin Teku

Wanda ya saba da hanyar tudu yana tsara kwanakinsa ne da agogo: mota za ta tashi ƙarfe bakwai, a sauka ƙarfe biyu. Tsakanin tsibirai wannan lissafi ba ya ci. Iska ce ke yanke hukuncin ko jirgin ruwa zai tashi yau, wata ne ke juya cikar teku da janyewarsa, gishiri kuma yana nan yana cin zif ɗin jaka da bakin cajar waya ba tare da an ankara ba. Duk mai niyyar kwashe wata biyu ko uku yana yawo da jakar goyo daga wannan tsibiri zuwa wancan, abin da zai fara koya shi ne barin rara a komai: rarar kwanaki, rarar kuɗi a hannu, rarar wuri a jaka.

Mataki na farko: duba damina kafin ka duba taswira

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi ƙasa, a sayi tikiti, sannan a tambayi yanayi. Ƙasa ɗaya tana iya zama da damina biyu a gaɓoɓi biyu. A Tailan, gaɓar yamma ta tekun Andaman, inda Phuket da Krabi da Ko Lanta suke, ruwan sama da manyan igiyoyi suna kama ta daga Mayu zuwa Oktoba, har ana rufe tsibiran Similan ga baƙi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. Gaɓar gabas kuwa, wajen Ko Samui da Ko Phangan da Ko Tao, ruwanta mai ƙarfi sai Oktoba zuwa Disamba. Siri Lanka ma haka take: kudu da yamma suna daɗi daga Disamba zuwa Maris, gabas irin su Arugam Bay da Trincomalee kuma daga Afrilu zuwa Satumba. Bali da Lombok a Indunusiya suna rani daga Afrilu zuwa Oktoba. Tsibiran Perhentian na Maleshiya kusan rufe ƙofa suke yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zanzibar tana shan ruwa mai yawa daga Maris zuwa Mayu. A Filifin guguwar teku ta fi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba, a yankin Karibiyan kuma lokacin guguwa a hukumance yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba.

Ka jera watannin tafiyarka a takarda, gaban kowane wata ka rubuta gaɓar da ke rani a lokacin, sannan ka haɗa su da hanya. Damina a kanta ba abin gudu ba ce: masauki yana araha, jama'a sun ragu, ruwan sama sau da yawa na awa ɗaya ne ko biyu. Abin da ke ɓata shiri shi ne iskar da ke zuwa da ita, domin ita ce ke hana jirage tashi, ta kuma dagula ruwa har ba a ganin ƙasa.

Kada ka yi zari. Indunusiya tana da tsibirai sama da 17,000, Filifin 7,641, ba wanda ya taɓa ƙure su. Duk ranar ƙaura daga tsibiri zuwa tsibiri rana ce da ta tafi gaba ɗaya: haɗa kaya, mota zuwa tashar jirgi, jira, ƙetarewa, neman ɗaki. Kwana huɗu zuwa bakwai a kowane wuri shi ne daidai. Wuri biyar a wata ɗaya ya wadatar, kuma a kowane mako biyu ka bar kwana biyu da ba ka ɗaura musu komai ba.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla daga ranar da za ka shiga ƙasa ta ƙarshe a jerinka, ba ta farko ba, da shafuka fanko masu yawa, domin wasu bizoji shafi guda suke cinyewa. Sharaɗin shiga kowace ƙasa ya dogara da fasfon da ke hannunka. Abin da wani matafiyi ya samu a filin jirgi cikin minti biyar, wani sai ya nema a ofishin jakadanci makonni kafin ya taso. Shafin hukumar shige da fice na ƙasar ko ofishin jakadancinta kaɗai za ka dogara da shi, ba labarin abokin tafiya ba.

Yawancin ƙasashen nan suna neman shaidar tikitin fita, kuma kamfanin jirgin sama ne zai fara tambayarka tun kafin ya ba ka katin shiga. Tailan da Filifin suna so a cike takardar shigowa ta intanet kafin a sauka. Wanda ya taso daga ƙasar da ke da cutar shawara, ko ya ratsa ta, za a nemi katin rigakafinsa. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 ana karɓarsa har tsawon rayuwa.

Ranar da aka buga maka hatimi, ka karanta kwanan watan da ke jiki tun kana gaban jami'in, ka sa tuni a waya mako guda kafin ya cika. Ranar shigowa ma ana lissafa ta. Tarar wuce wa'adi a Tailan baht 500 ce a kowace rana, a Indunusiya rupiya miliyan ɗaya. Ofishin sabunta biza kuma galibi yana babban gari ne, ba a ƙaramin tsibirin da kake ba.

Inshorar tafiya ka karanta ta layi-layi, ka nemi abu uku: kwaso majinyaci daga tsibiri zuwa babban asibiti, haɗarin babur, da nutso da tukunyar iska har zurfin da za ka kai. Yawancin masu araha sun cire biyun ƙarshe. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da inshora ka ajiye a waya da imel, ka kuma riƙe kwafin takarda a cikin leda, a wata jaka dabam da wadda fasfon yake.

Jaka da abin da ke cikinta

Jakar lita 40 mai buɗewa ta gaba kamar akwati ta ishi tafiyar wata shida a ƙasar zafi. Kamfanonin jirgin sama masu araha na kudu maso gabashin Asiya, irin su AirAsia, kilo 7 suke yarda a shiga da shi a hannu. Abin da ya haura sai an biya, kuma biya a filin jirgi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Akwati mai taya ba shi da amfani a nan. A wurare da yawa babu gadar sauka, kwale-kwale zai tsaya ne inda ruwa ya kai gwiwa, ka ɗora kayanka a ka ka taka zuwa gaɓa. A tsibiran Gili na kusa da Lombok ko mota babu, sai keke da keken doki, hanyoyin kuma rairayi ne. Ka gwada jakar da kaya a ciki kafin ka saya: ɗamarar ƙugu ce ya kamata ta ɗauki mafi yawan nauyin, ba kafaɗu ba.

Tufafi na kwana biyar kawai: riguna huɗu ko biyar marasa nauyi, wando biyu gajeru, dogon wando ɗaya da riga mai dogon hannu saboda sauro da wuraren ibada da sanyin na'urar bas, kayan iyo biyu domin ɗaya ya bushe ana amfani da ɗaya, da rigar ruwan sama mai naɗewa. Wandon jins a bar shi a gida. Idan ya jiƙe a wannan laima sai ya yi kwana biyu bai bushe ba. Zani guda mara nauyi yana aikin tawul da mayafi da shimfiɗa da labule. Takalma kala biyu: silifas, da sandal mai maɗauri wanda ba ya jin ruwa.

Abin da ya fi kowane tufafi muhimmanci shi ne jakar roba mai hana ruwa shiga, ta lita 10 zuwa 20. Ana naɗe bakinta sau uku kafin a ɗaure. Naɗi ɗaya ko biyu ruwa zai shiga. A cikinta fasfo da waya da kuɗi da magunguna suke zama duk lokacin da kake kan ruwa, kuma a jikinka take, domin babbar jaka ma'aikatan jirgi kan jibge ta ne a rufi ko a gaba inda feshin igiya ke dukan ta. Sai tocilar goshi saboda ɗaukewar wuta, ƙaramin kwaɗo na loka, igiyar shanya mita uku, mahaɗin soket mai shiga ko'ina, da fawa bank. Wannan na ƙarshe a jakar hannu kaɗai ake shiga jirgin sama da shi, kuma mai ƙarfin mAh 20,000 yana ƙasa da iyakar da aka saba yarda da ita.

Gishiri da laima su ne ɓarayin ɓoye. Duk abin da ya taɓa ruwan teku a ɗauraye shi da ruwan daɗi a ranar. Zif da ya fara cijewa a wanke shi da tsohon buroshin haƙori, a goga masa kyandir. Kada a sa waya a caji alhali bakinta da danshi. Kayan da aka naɗe da ɗan jiƙa-jiƙa aka cusa a jaka za su yi fumfuna cikin kwana biyu, warin kuma ba ya fita da wanki ɗaya.

Kuɗi

Ka raba lissafi gida biyu: kuɗin yau da kullum, wato ɗaki da abinci da ruwa da wanki, da kuɗin da ake biya sau ɗaya, wato jirage da biza da kuɗin shiga gandun ruwa da koyon nutso. Ka haɗa su, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ƙaramin tsibiri ya fi babban gari tsada a kusan komai, saboda hatta ruwan sha da man fetur a jirgi ake kawo su. Akwai kuma ƙananan haraji da ake mantawa, kamar rupiya 150,000 da Bali ta fara karɓa daga baƙi a Fabrairun 2024.

Katin banki biyu daga bankuna biyu, a ajiye su wuri dabam-dabam, a kuma tabbatar suna aiki a waje tun kafin a taso. Kafin ka ƙetara zuwa ƙaramin tsibiri ka ciri kuɗin da zai kai ka kwanakin da ka tsara da ƙarin kwana uku, domin na'urar cire kuɗi ɗaya tilo da ke can tana iya ƙarewa ko ta rasa sabis. A Tailan kowane cira da katin waje yana cin sama da baht 200, saboda haka cira babba sau ɗaya ya fi ƙanana sau biyar. Idan na'ura ta tambaye ka ko ta canja maka lissafin zuwa kuɗin ƙasarka, ka ƙi. Canjinta ya fi na bankinka tsada. Dala ɗari biyu ko uku sababbi, marasa yagewa ko rubutu, a ɓoye a ƙasan jaka don ranar da komai ya tsaya. Masu canji suna ƙin tsohuwar takarda, ko su karya mata daraja.

Ƙetare ruwa

Jirage iri uku za ka riƙa haɗuwa da su. Babban jirgin fito mai ɗaukar motoci yana da nawa, amma ya fi araha, ya fi kuma jure igiya. Jirgi mai gudu, irin wanda ke tashi daga tashar Padang Bai ta Bali zuwa Gili ko daga Sanur, ita ma a Bali, zuwa tsibirin Nusa Penida, yana rage lokaci sosai amma yana dukan igiya kamar ana sara itace, kuma shi ake fara sokewa idan iska ta taso. Sai kwale-kwalen katako mai inji na gajeren zango. Idan teku ya ɗan motsa kuma akwai zaɓi, babban jirgi ne zaɓin mai hankali.

Ka ɗauki jirgin safe. Teku ya fi kwanciya da sassafe kafin iskar rana ta taso, kuma idan aka soke na safe akwai na rana a baya. Wanda ya dogara da jirgin ƙarshe ba shi da madogara. Tikiti a saya a tagar kamfanin ko ta hannun masaukinka, a duba sunan kamfani da tashar da za a tashi, domin gari ɗaya yana iya zama da tashoshi uku masu nisa da juna. A bakin tasha akwai masu tare baƙo su ce jirgi ya riga ya tashi, ko su fizge jaka su kai ta jirgi sannan su nemi lada. Ka riƙe kayanka, ka je taga da kanka ka tambaya.

Da ka shiga, kafin ka zauna, ka duba abu uku: ina rigunan ceto suke, ina ƙofar fita mafi kusa, kuma mutane nawa ne a ciki idan aka gwada da kujeru. Idan an cika jirgi har ana zama a matakala, ko gefensa ya kusa shafar ruwa, ka sauka ka yi asarar tikitin. Jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, tsibiran Zanzibar, a Satumban 2011 lodi ne ya yi masa yawa. Jirgin Phoenix da ya kife kusa da Phuket a Yulin 2018, inda mutum 47 suka rasu, hadari ne ya rutsa da shi a teku. A ƙaramin jirgi ka sa rigar ceto ka ɗaure maɗaurinta, ko da kai kaɗai ne ka sa.

Mai saurin jiri ya sha maganin amai minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi. Bayan amai ya fara, ƙwayar ba za ta zauna a ciki ba. A ci abu kaɗan mara maiƙo, a zauna tsakiyar jirgi ko ta baya inda tsalle ya fi sauƙi, a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Warin man inji yana ƙara tayar da zuciya, saboda haka wurin da iska ke kaɗawa ya fi.

Masauki

Ka kama kwana biyu na farko ta intanet, sauran ka shirya da mai gida ido da ido. Wanda zai yi mako ko wata yana samun ragi mai kyau idan ya tambaya, musamman a damina. Banda lokacin bukukuwa da ƙarshen Disamba, da kwanakin bikin cikar wata a Ko Phangan, lokacin da ɗakuna ke ƙarewa tun da wuri.

Kafin ka biya, ka ga ɗakin. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa ta wajen kai: ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar na tawada alamar kuɗin cizo ce, kuma kada ka ɗora jakarka a gado kafin ka duba. Idan sun riga sun shiga kaya, wanki ko busarwa da zafin digiri 60 ne ke kashe su. Buɗe famfo ka ɗanɗana a fatar hannu, domin a ƙananan tsibirai ruwan wanka yakan zama mai gishiri-gishiri. Duba ragar taga da gidan sauro ko akwai huji. Tambayi awa nawa ake samun wuta. Inda janareta ne, fanka tana iya tsayawa tsakar dare. Ɗakin da ke layi na biyu ko na uku daga bakin ruwa ya fi araha, ya fi shiru, kuma sau da yawa tafiyar minti biyar ce kawai. A ɗakin haɗaka, gadon ƙasa nesa da ƙofa ya fi, kayan daraja kuma a loka da kwaɗonka.

Teku kansa

Abin da ya fi halaka masu iyo a bakin teku shi ne ruwa mai ja, wato wata siririyar hanya da ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa yake bi ya koma ciki da ƙarfi. Yaudararsa ita ce wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: igiyoyi suna fashewa dama da hagu, tsakiya kuma lumui, ruwan ya ɗan fi duhu ko ya yi launin rairayi, kumfa da ganye suna tafiya ciki maimakon waje. Ka tsaya a tudu minti biyar ka kalli ruwa kafin ka shiga. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwanta a bayanka ka yi numfashi, ka ɗaga hannu a gan ka, sannan ka yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga hanyarsa. Jar tuta tana nufin kada a shiga. Tutoci masu ja da rawaya suna nuna inda masu ceto ke sa ido, tsakaninsu ake iyo. Wanda bai iya ruwa sosai ba kada ya wuce ƙugu, kuma ya sa rigar ceto duk lokacin da aka fita kallon kifi.

Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a mafi yawan wurare, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. A cikar wata da tsayuwar sabon wata bambancin ya fi girma. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye da nisa har sai an yi doguwar tafiya kafin a same shi, sannan ya dawo da sauri. Duk wanda zai zagaya wani dutse ta bakin ruwa ko ya taka zuwa tsibirin rairayi, ya san lokacin dawowar ruwa tukuna.

Murjani, wato halittar nan mai kama da dutse da ke ƙarƙashin ruwa, yana yanka kamar reza, kuma ƙaramin ƙwarzane a wannan zafi yana ruruwa cikin kwana biyu. A wanke da sabulu da ruwan daɗi sosai, a cire duk ɓarɓashi, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shiga teku har ya kame. Ja mai yaɗuwa ko zazzaɓi, sai asibiti. Ƙayar bushiyar teku da harbin kifi mai dafi, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, wajen digiri 45, na rabin awa ko fiye. Harbin jelifish, wannan halitta mai kama da leda mai jela, a kwarara masa ruwan khal na aƙalla daƙiƙa 30, kada a murza, kada a zuba ruwan daɗi domin yana ƙara sakin dafin. Idan numfashi ya fara wuya a nemi agaji nan take.

Wanda ya koyi nutso da tukunyar iska, matakin farko na kwana uku ko huɗu ne kuma iyakarsa mita 18. Bayan nutso na ƙarshe a bar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, awa 24 ya fi kwanciyar rai. Sannan gaɓoɓin Indunusiya da Filifin wuraren girgizar ƙasa ne: idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko teku ya janye farat ɗaya ba lokacinsa ba kamar yadda aka gani ranar 26 ga Disamban 2004, alama ce ta ambaliyar tsunami, a nufi tudu ba tare da jiran sanarwa ba. Ranar da ka sauka gari ka lura da allunan da ke nuna hanyar gudu.

Babur na haya

Babur ya fi teku jikkata matafiya. Ana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa mai ɗauke da ajin babur. Na mota kaɗai ba ya wadatarwa, kuma da wannan hujja inshora ke ƙin biya. A Tailan da Indunusiya da Maleshiya da Siri Lanka da Zanzibar hagu ake bi, a Filifin dama. Kafin ka karɓa, ka ɗauki bidiyon babur ɗin ta ko'ina a gaban mai shi, ka gwada birki biyu da fitila, ka duba taya. Kada ka bar fasfo jingina. Ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, a rubuta maka rasit. Rairayin da iska ta watso a kwana shi ne ke kayar da mutane, musamman idan aka damƙe birkin gaba. Hular kwano a ɗaure, takalmi a rufe, a kuma sauka ta hagu saboda salansa tana dama kuma tana ƙona ƙwauri. Wanda bai taɓa tuƙa babur ba, hanyoyin Nusa Penida da gangaren Ko Tao ba wurin koyo ba ne.

Lafiyar jiki

Ka ga likita mako shida zuwa takwas kafin tafiya, saboda allurar taifot da ciwon hanta da tetanus da ta haukan kare, da kuma shawarar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro idan hanyarka ta bi inda yake. Doxycycline, ɗaya daga cikin magungunan rigakafin wannan zazzaɓi, yana sa fata saurin ƙonewa a rana, kuma ana ci gaba da shan sa mako huɗu bayan barin yankin. Ka faɗa wa likita cewa bakin teku za ka.

Sauron da ke kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 50 ake shafawa, bayan man kariya daga rana ya shiga jiki. Zazzaɓi mai zafi da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, a sha farasitamol kaɗai, a guji asfirin da ibuprofen saboda suna ƙara haɗarin zubar jini, a je a gwada jini.

Ranar bakin teku tana duka ta sama, tana kuma dawowa daga ruwa da farin rairayi, kuma kowace irin fata tana ƙonewa. Man kariya mai lambar SPF 30 ko fiye, a sake shafawa duk awa biyu da bayan iyo. Rigar iyo mai dogon hannu ta fi mai aiki ga mai daɗewa a ruwa. Ruwan famfo ba na sha ba ne sai an tafasa shi minti ɗaya ko an tace; masaukai da yawa suna da babbar gorar da ake cika kwalba da ita a kuɗi kaɗan. Abinci a ci inda mutanen gari suka yi layi kuma ake dafawa a gabanka. Gudawa idan ta zo, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ko kwana uku ba sauƙi, sai likita.

Cizo ko yaƙushin kare ko biri, ko da bai yi zurfi ba, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nemi allura a ranar. Akwai haukan kare a Bali da sassa da yawa na yankin. Inda karnuka ke yawo a rairayi kuma a sa silifas, a shimfiɗa zani kafin a zauna, saboda wata tsutsa da ke shiga fata ta bar jan layi mai ƙaiƙayi.

Dokokin masu gari, da hanyar fita

Kayan iyo na bakin ruwa ne. A cikin gari a rufe kafaɗa da gwiwa, musamman a Zanzibar da Lombok da tsibiran Maldibs da mutane ke zaune, inda aka keɓe wa baƙi wurin iyo dabam kuma jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. A Bali ranar Nyepi, wato ranar shiru ta sabuwar shekararsu, wadda takan faɗo a Maris, komai yana tsayawa awa 24 har da filin jirgin sama, ba a fita ko titi. Sigarin lantarki haramun ne a dokar Tailan. Magunguna irin su tramadol da kodin suna iya jefa mutum a hannun hukuma, saboda haka duk maganin da kake sha ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Kada ka riƙe wa kowa kaya a tasha ko filin jirgi. Hukuncin safarar ƙwaya a Indunusiya yana kaiwa ga kisa. Murjani da ƙwanson teku a bar su inda suke, ƙasashe da yawa suna kama mai fita da su.

Jirgin saman komawa kada a haɗa shi da jirgin ruwa a rana ɗaya. Ka dawo babban tsibiri ko garin da filin jirgin yake kwana biyu kafin tashi, uku idan lokacin iska ne. A waɗannan kwanaki ka ba da wanki, ka juye jakar ka kakkaɓe rairayi, ka shanya ta a rana da zif a buɗe, ka canja ragowar kuɗin ƙasar tun kana ciki domin a waje da wuya a karɓe su da daraja, sannan ka auna jakar a sikelin masauki ka ga ko tsarabar da ka tara ta haura da ita kilo 7.